Sai tsoka ta yage sannan take girma?

Mai ɗaga ƙarfe: Jama'a, abin da na tarar ana faɗa a wurin atisaye shi ne tsoka ba ta ƙaruwa sai ta yayyage. Ka ɗaga ƙarfe, zaruruwanta su tsintsinke, jiki ya ɗinke su, su fi da kauri. Shi ya sa in na wayi gari jikina bai yi tsami ba, nakan ɗauka wahalar banza na sha jiya.

Ɗalibar likitanci: Yaya, ban yarda ba, kuma maganar tana damuna don tana sa mutane ji wa kansu ciwo. Furotin ɗin tsoka ba a zaune yake ba. Kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo, kusan kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a rana. In nauyi ya ja zaren tsoka da ƙarfi, wani furotin mai suna mTOR ne ke ba da umarnin a ƙara ƙera aktin da mayosin, wato furotin biyun da ke zamewa a kan juna duk lokacin da tsoka ta takure. Ginin yakan kai awa 48 bayan ka ajiye ƙarfen. Jan da nauyin ya yi ne ke tayar da shi, ko an yage ko ba a yage ba.

Mai ɗaga ƙarfe: To tsamin fa, ƙanwata? Daga sama yake faɗowa?

Tsohon koci: Tsamin gaskiya ne, ɗana. Yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, musamman in atisayen baƙo ne ga jiki, ko in kana sauke nauyi a hankali. Amma lura da abu ɗaya: sabon shiga ne ya fi kowa tsami, kuma a makonnin nan ne ƙwanjinsa bai fito ba tukuna. Ƙarfin da yake ƙarawa a lokacin, yawancinsa jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa ne ke koyon tayar da tsoka. Sai tsamin ya lafa ake fara ganin kauri.

Ɗan tsere: Ni fa shekara shida ina gudu, cinyata ba ta ƙara ko kaɗan ba. Ke nan furotin ɗina bai canza ba?

Ɗalibar likitanci: Ya canza sosai, Malam, ido ne ba ya gani. A 1967 John Holloszy ya sa ɓeraye gudu na makonni a Amurka, ya tarar sinadaran da ke ƙona abinci da iskar oksijin a tsokarsu sun kusa ninkawa biyu. Gudu yana ƙara mitokondiriya, ɗakunan wutar ƙwayar halitta. Yana ƙara GLUT4, furotin da ke shigar da suga cikin tsoka, dalilin da ya sa ake matsa wa masu ciwon suga su motsa jiki. Mayosin ma iri-iri ne: IIx mai saurin gajiya yakan ragu, IIa mai juriya ya maye gurbinsa. Ina yagewa a nan?

Mai ɗaga ƙarfe: Gudu daban, ƙarfe daban. Ni ma na ɗan yi karatu: akwai ƙwayoyin halitta na ajiya a gefen kowane zaren tsoka, waɗanda Alexander Mauro ya gano a 1961. Rauni ne ke tashin su daga barci, su haɗe da zaren su ƙara masa ƙarfin gini. Wannan ba hujjata ba ce?

Ɗalibar likitanci: Nan kam ka kawo magana, Yaya. Rauni yana tashin su, haka ne. Sai dai nauyi ma yana tashin su ba tare da an yi wa tsoka ɓarna ba. Kuma in ɓarnar ta yi yawa, furotin ɗin da jiki ya ƙera gyara yake tafiya, ba ƙari ba.

Tsohon koci: Abin da nake tsoro ke nan. Na taɓa kai wani yaro asibiti bayan ya takura kansa a rana ɗaya don neman tsami. Cinyoyi suka kumbura, fitsari ya koma baƙi-baƙi. Furotin ɗin tsoka mai suna mayoglobin ne ya kwarara cikin jini, kuma yana iya lalata ƙoda. Duk wanda ya ga haka, kada ya kwana a gida.

Mai ɗaga ƙarfe: Allah ya kiyaye, Baba. Har yanzu ina ganin yagewa na da nata rabo. Amma zan yi mako takwas ina rubuta nauyin da na ɗaga da awon damtsena, ba tare da na nemi tsami ba, in dawo muku da abin da na gani.