Neman shawara kan yafe kuɗin cike takardar jami'o'in Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ce ta gama sakandare a Kano, tana neman jami'o'i 6 a Amurka ta Common App (shafin intanet da ake neman shiga jami'o'i da yawa da takarda ɗaya), amma kuɗin cike takarda ya tsaya mana a wuya. Wasu dala 75 ne, wasu har 85, ga canjin dala yadda yake yanzu.

Ta zaɓi wurin neman a yafe mata kuɗin, sai aka ce dole malamin da ke ba ɗalibai shawara ya tabbatar. To makarantarsu ba su da irin wannan malami, shugaban makarantar kuma bai taɓa buɗe shafin ba.

Shin wani malaminta zai iya tsayawa a madadin malamin ba da shawarar? Ko mu aika wa kowace jami'a imel kai tsaye? Wa'adin miƙa takardun na farkon Janairu ya matso. Allah ya saka da alheri.