Shawara kan tsohuwar azurfa da teburin Ingila

Malam Habu: Assalamu alaikum. An nuna mini butar shayi ta azurfa tare da wani ƙaramin teburi mai aljihu biyu, kuma mai sayarwar ya ce dukansu na Ingila ne, na ƙarni na 18. Ina neman shawarar masana kafin in ba da amsa.

Hajiya Asabe: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da juya butar ka duba gindinta da gilashin ƙara girma, domin azurfar Ingila ba ta fita kasuwa ba tare da hatimai ba. Zaki mai tafiya da ƙafa ɗaya a ɗage, wanda aka soma bugawa a 1544, shi ne shaidar cewa kashi 925 cikin 1000 na ƙarfen azurfa ce zalla. Kusa da shi za ka ga alamar garin da aka gwada kayan: kan damisa na Landan ne, anga ta Birmingham ce, kambi kuma na Sheffield ne a wancan zamani, kuma ofisoshin gwajin azurfa na waɗannan garuruwa biyu na ƙarshe sai a 1773 aka buɗe su. Akwai kuma harafi guda da ke nuna shekara, wanda sai ka gwada shi da jadawalin garin, saboda kowane ofishi da nasa jerin.

Alhaji Sani: Abin da Hajiya ta faɗa daidai ne, sai dai in ƙara gargaɗi ɗaya. Idan ka ga haruffan EPNS, to ruwan azurfa ne kawai aka zuba wa wani ƙarfe ta hanyar lantarki, dabarar da kamfanin Elkington ya yi wa rajista a 1840, don haka maganar ƙarni na 18 ta faɗi. Idan kuma jan ƙarfe yana leƙowa a gefunan da suka goge, mai yiwuwa tsohon aikin Sheffield ne, wato jan ƙarfe da aka lulluɓe da azurfa, da Thomas Boulsover ya ƙirƙiro wajajen 1743, wanda shi ma yana da masoya, amma darajarsa ba ta kai ta azurfa zalla ba.

Malam Habu: Na gode. Teburin fa?

Malam Garba: Ka zare aljihun gaba ɗaya ka kifar da shi. Haƙoran da suka haɗa kusurwoyinsa, idan kafinta ne ya yanka su da hannu, ba sa zama daidai da juna, alhali na inji duk girmansu ɗaya ne. Sawun zarto mai lanƙwasa a bayan katako yana nuna zarton inji mai zagayawa, wanda bai yaɗu ba sai a ƙarni na 19. Kuma kada sunan Chippendale, shahararren kafintan Ingila, ya ruɗe ka, domin tun da ya wallafa zane-zanensa a 1754 kafintoci ke kwaikwayonsa, kuma kaɗan ne ƙwarai ake da takardar da ta tabbatar sun fito daga shagonsa.

Hajiya Asabe: Ni a ganina, in ka saya, kada ka bari a kankare katakon a sake masa fenti, domin duhun da shekaru suka ba shi shi ne masu tara kayan tarihi ke biya wa kuɗi. Haka ma azurfar, yawan gugarta yana cinye hatiman da ke tabbatar da asalinta. Ka turo mana hoton gindin butar tukuna, mu karanta harafin shekarar tare.