Kwaɗayin zaƙi bayan la'asar ga mai rage sitaci: ina mafita?

Maman Sadiya, Aboabo:

Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar abinci. Sati uku ke nan da na rage sitaci da sukari: babu koko da burodi da safe, babu banku ko tuwon zafi da dare. Karin kumallo shayi ne ba sukari da ƙwai ɗaya, da rana miya da ɗan kifi. Amma da an yi la'asar sai kai ya yi nauyi, jiki ya mutu, rai ba ya son komai sai sobolo mai sanyi ko burkina. Ranar Asabar wurin suna na sha malta, na ci masa da pinkaso, washegari sikeli ya nuna ƙarin kilo biyu, daga nan na koma gidan jiya har kwana huɗu. Me ke kawo wannan kwaɗayin a lokaci guda kullum? In kuma an zame, ta ina ake kamawa?

Malam na Asawase:

Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Ruwa ba ya tsami banza. Kwaɗayin ƙarfe huɗu tun ƙarfe bakwai na safe aka shuka shi. Kin cire koko da burodi amma ba ki sa komai a gurbinsu ba. Ƙwai ɗaya furotin ɗinsa kamar giram 6 ne kacal, alhali abin da ke riƙe cikin babban mutum har azahar giram 25 zuwa 30 ne. Abin da kike kira kwaɗayi, rabinsa yunwa ce tsagwaronta.

Ki mai da ƙwan nan uku, ki soya da albasa da tumatir, ki haɗa da wagashi yanka biyu ko kifin gwangwani ɗaya. Da rana kada miyar ta zama ruwa-ruwa da kan kifi: a cika kwano da kontomire ko ayoyo ko kuɓewa, a sa agushi, nama ko kifi ya kai faɗin tafin hannunki, kuma kada a ji tsoron cokali ɗaya na manja. Wanda ya cire sitaci ya kuma cire mai, to ya cire kusan duk abin da jiki ke ƙonawa.

Sai gishiri, wanda mutane da yawa ba sa kawowa a rai. Idan sitaci ya ragu, insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini) na sauka, ƙoda kuma ta riƙa zubar da gishiri da ruwa ta fitsari fiye da da. Haɗa wannan da zufar Kumasi, sai ga ciwon kai da kasala da jiri in an miƙe tsaye. Jiki ya ji rauni, ƙwaƙwalwa ta fassara shi da "a ba ni zaƙi". Kofi ɗaya na romon kaza ko na kifi mai gishiri daidai, wajen ƙarfe uku, yakan kashe wannan cikin rabin awa. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya ƙara gishiri sai da izinin likitansa.

Kuma tunda kin san lokacin da abin ke zuwa, ki riga shi. Ƙarfe uku da rabi ki ci gyaɗa cikin tafi ɗaya, kamar giram 30, ko rabin paya (avocado) da ɗan gishiri da yaji. A auna a zuba a ƙaramin kwano. Wanda ya zauna da kwalbar gyaɗa a gabansa sai ya ga gindinta.

Anti Nas, Sabon Zongo:

'Yar'uwa, kilo biyun nan ne na ke so mu tsaya a kai, domin su ne suka karya miki gwiwa, kuma ba kitse ba ne. Kilo ɗaya na kitse yana buƙatar rarar kalori kusan 7,700. Kilo biyu ya haura 15,000, babu sunan da za a ci wannan a yini guda. Abin da ya faru shi ne, hanta da tsoka suna da rumbun ajiyar sukari mai ɗaukar giram 400 zuwa 500, kowane giram kuma yana riƙe ruwa kamar giram 3. Sati ukun da kika yi sun rage rumbun, ranar suna ya sake cika, ruwan ya biyo shi. Da kin koma kan tsarinki ranar Lahadi, da kafin Laraba ya zube.

Ɓarnar gaske tana cikin kwana huɗun da suka biyo baya, lokacin da zuciya ta ce tunda an ɓata a ƙarasa, a sake farawa ranar Litinin. Gyara yana farawa daga abinci na gaba, ko da na daren ranar ne. Kada ki hora kanki da ƙin cin abinci washegari, domin yunwar ce za ta sake jefa ki hannun mai pinkaso da yamma. Ki yi karin kumallon da Malam ya faɗa, ki taka ƙafa minti 10 zuwa 15 bayan kowane abinci, ki ajiye sikeli kwana uku.

Biki da suna kuwa ba za su ƙare a zango ba, don haka a shirya musu. Ki ci ƙwai ko nama kafin ki fita, kada ki isa da yunwa. Ki riƙe robar ruwa a hannu, hannun da ke riƙe da abu ba a cika cusa masa kwalba ba. Ki zaɓi abu ɗaya tun daga gida, misali masa biyu, ki ci a zaune cikin natsuwa. In uwar biki ta matsa, "Mma, na gode, a ƙara mini nama dai" ya fi dogon bayani. Ledar da ake ba mutum ya tafi da ita gida ita ce tarko mafi girma: a rabar da ita kafin a shiga ƙofa.

Baba Alhaji, Alabar:

Ni ina ganin tsarin ya yi tsauri tun farko, 'yata. Duk abin da bai kai giram 130 na sitaci a yini ba, rage sitaci ne. Giram 20 zuwa 50 shi ne mai tsananin, kuma ba kowa ke iya riƙe shi a gidan da ake tuƙa tuwo kullum ba. Giram 80 zuwa 100 da za ki riƙe shekara ya fi giram 30 da zai karye duk sati uku. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana da sitaci kamar giram 28. Ludayi ɗaya na wake da shinkafa, waken ya fi yawa, da ƙwai da ganye, ba tare da gari da taliya a kai ba, yana shiga lissafi lafiya lau.

Inda ba na sassautawa shi ne abin sha, domin sukarin ruwa ba ya ƙosarwa. Ƙaramin cokali ɗaya giram 4 ne. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana da giram 35, kusan cokali tara ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce kada a wuce kamar giram 50 a yini, giram 25 ya fi. Malta, Milo da madarar gwangwani mai zaƙi duk layi ɗaya suke. Zuma ma kada ta ruɗe ki, babban cokali ɗaya giram 17 ne.

Sobolon titi ba ki san abin da aka zuba ba, ki dafa naki. Ganye cikin tafi biyu a ruwa lita ɗaya da rabi, citta mai yawa, kanumfari biyar ko shida, da ɓawon abarba wankakke don ƙamshi. Satin farko cokali shida na sukari a duka tukunyar, na biyu uku, na uku babu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har malta ta koma tana gundurar mutum. Ƙwayoyin zaƙi marasa sukari suna iya zama gada na ɗan lokaci, amma hukumar nan a 2023 ta ce kada a dogara da su don rage ƙiba.

Anti Nas, Sabon Zongo:

Na manta abu mafi muhimmanci. In kina shan maganin ciwon sukari, musamman insulin ko glibenclamide ko gliclazide, kwaɗayin da ya zo da rawar jiki da zufa mai sanyi da bugun zuciya ba na daurewa ba ne, sukari ne ya faɗi. Ki auna. In sukarin jinin ya gaza 3.9 mmol/L, ki sha giram 15 na sukari, kamar ƙaramin cokali huɗu a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15, sannan ki je asibiti a daidaita maganin da sabon abincin. Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin kada su shiga tsarin mai tsanani sam sai likita ya sani. Mai ciki da mai shayarwa ma haka. Sannan ki duba barcinki: daren da aka yi awa biyar, sinadarin yunwa na tashi, washegari kwaɗayin ya ƙaru.

Maman Sadiya, Aboabo:

Allah ya saka da alheri. Ba na shan magani. Saura tambaya ɗaya: ranar azumin Litinin da Alhamis fa? Buɗa-baki ne ke kayar da ni.

Malam na Asawase:

Dabino ƙanana ɗaya zuwa uku, kowanne sukarinsa kamar giram 5, manyan nan masu laushi kuwa ɗaya ya isa, don yana kai giram 16. Ki bi da ruwa kofi biyu da romo mai ɗumi, ki tashi ki yi magariba. Kafin ki sallame zafin yunwar ya sauka, sai ki zauna ga miya da nama. Koko in ya zama dole, rabin kofi ba sukari, da ƙosai uku, bayan naman ba kafinsa ba. Sahur kuma ƙwai da paya da wagashi, kada ki tsallake shi.