Wa aka taɓa zura wa tiyon duba ciki?

Tela daga Mokoyo: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina fama da ƙwannafi da zafi a ƙahon zuci, na sha omefirazol har na gaji. Yanzu likita ya rubuta mini fiburoskofi, ranar Talata. Wallahi tun da na ji tiyo ne ake zurawa ta baki barci ya ƙaurace mini. Wanda aka taɓa yi wa ya faɗa mini gaskiya.

Uwar Biyu, Ali Ɗan Sofo: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Bara aka yi mini. Tun tuwon dare ban ƙara sa komai a baki ba, don sai ciki ya yi awa 6 zuwa 8 babu abinci. Suka fesa mini magani mai ɗaci a maƙogwaro, wurin ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na kwanta ta hagu, aka sa mini wata roba tsakanin haƙora. Wuyar duka lokacin haɗiyewa ce: na yi ta kakarin amai, hawaye na zuba, yawu na bin kumatu. Wata ma'aikaciya ta dafa kafaɗata tana cewa in ja numfashi ta hanci. Daga nan sai sauƙi. Tiyon bai wuce kaurin yatsa ba, da kyamara a bakinsa, yana bin maƙoshi zuwa tumbi har farkon hanji. Minti goma ban cika ba. Sun tsinko ɗan nama don awo, ko ji ban yi ba. Kada dai ka yi saurin shan ruwa, bari maƙogwaro ya saki, kamar awa guda, in ba haka ba ka shaƙe.

Direba, hanyar Ɗan Isa: Ni kashi aka auna mini, aka ga Helikobakta, ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki. Karon farko awon bai nuna komai ba, ashe laifina ne, ban faɗa musu ina shan omefirazol ba. Sai an bar shi sati 2, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sati 4, kafin awon ya faɗi gaskiya. Na sha magani kwana 14.

Malamar makaranta, Tasawa: Ƙari kan maganar direba, awon jini ba ya bambanta ƙwayar da ke nan da wadda ta mutu tuntuni. Mahaifiyata kuwa wani farin ruwa mai kauri aka ba ta ta sha, aka ɗauki hoton yadda yake wucewa, don abinci na tsaya mata. Kashinta ya yi fari kwana biyu, muka tsorata, ashe haka yake yi.

Dattijo daga Tibiri: Ɗana, ka je. Ƙanena ya shekara yana haɗiyar diklofenak na masu talla don ciwon baya, cikinsa na ci yana jiƙa kanwa. Muka ce gyambon ciki ne kawai, zai wuce. Sai da kashinsa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ya yi aman jini a gona, sannan muka ɗauke shi zuwa Maraɗi. Tiyon nan da ya ƙi shi ya nuna inda jinin ke fita. Ya tashi, amma sai da aka yi masa ƙarin jini. Har yau abin na cina a rai.

Tela daga Mokoyo: Na gode, Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni ma ina shan diklofenak in ɗinki ya yi yawa, ban taɓa faɗa wa likita ba. Gobe da safe zan kai masa kwalin ya gani.