Neman shawara: wasan Among Us na neman haɗa ni faɗa da mutanena

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ba ni shawara, kwana uku ke nan abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu goma ne muke buga Among Us duk daren Asabar, wasan intanet ne da ake ɓoye maci amana (imfosta) cikin 'yan wasa yana kashe su a ɓoye, sauran kuma su yi taro su jefa ƙuri'a a fitar da wanda suke zargi. Mun fara tun 2020, lokacin kullen korona da wasan ya tashi, ko da yake tun 2018 kamfanin Innersloth suka fitar da shi ba wanda ya kula. Da farko mu biyar ne, daga baya kowa ya jawo nasa. Ko da aka ƙara ɗakin wasa na intanet ya koma ɗaukar mutum 15 a 2021, ni na ce mu tsaya a goma, don hayaniya na yawa. Ni ke buɗe ɗaki, ni ke tura lambar nan mai haruffa shida, ni ke saita komai. Muna magana ta manhajar hira ta Discord, kuma ƙa'idarmu ɗaya ce: kowa ya kashe makirfo sai an kira taro, wanda aka kashe kuma ya ja bakinsa ya yi shiru har a gama.

To akwai wasu biyu, wa da ƙani, gida ɗaya suke. Ranar Asabar a taswirar The Skeld ni ne imfosta. Na ritsa ƙanin a ɗakin lantarki shi kaɗai, na gama da shi, na faɗa bututun iska na ɓulla ɗakin magani. Ba kowa a wurin. Ko gawar ba a gani ba, sai wan ya danna maɓallin taron gaggawa ya ce "Ja ne," wato ni, don launina ke nan a wasan. Aka ce a ina ka gan shi? Wai jikinsa ne ya ba shi. Aka jefa ni waje. Karo na uku ke nan a wata guda. Na yi magana, yanzu mutum huɗu sun ce ba za su zo wannan satin ba. Yaya zan yi?

Tsohon Ɗan Wasa: Ƙanina, wannan ba ya buƙatar dogon bincike, maguɗi ne. Mu bi shi daki-daki. Kyamarorin The Skeld hanyoyi suke nunawa, ba sa leƙa cikin ɗakin lantarki, kuma in wani na kallo za ka ga jar fitila na ƙiftawa. Taswirar ɗakin Admin adadin mutane take nunawa a kowane ɗaki, ba ta faɗin launi. Ko matsayin masanin kimiyya wasan ya ba shi, iyakarsa ya ga wane ya mutu, ba ya ganin wanda ya yi kisan. To ta ina ya sani? Ƙanin ne ya juyo ya raɗa masa, ko ya leƙa wayarsa. Cire su duka biyun, ka huta.

Uwar Biyu: Ni dai wasan nan ya ishe ni. Don ba ni da surutu, duk zagaye ni ake fara jefarwa, wai shiruna ya yi yawa. Jiya ina tsaka da haɗa wayoyin lantarki aka kira taro, kafin in buɗe baki ƙuri'a bakwai sun hau kaina. Masu baki su ke cin wasan nan, ba masu gaskiya ba. Ka yi haƙuri kawai ɗan'uwa.

Shuɗi: Yaya, kar ka ji haushi, amma shekara nawa kuna wasa tare? Wataƙila ya gama karantar ka ne. Akwai abokina da in ya zama imfosta muryarsa ke yin sanyi, ya riƙa cewa "ni dai ina ɗakin injin" tun ba a tambaye shi ba. Ba ma buƙatar hujja a kansa.

Mai tambaya: Shuɗi, da ni kaɗai yake kamawa da na yarda. Amma ba ya taɓa yin wannan basirar sai ranar da aka kashe ƙaninsa. In wani aka kashe, lalube yake kamar kowa.

Tsohon Ɗan Wasa: Ka ji ko? Na faɗa. Ni tun kafin a kawo taswirar The Airship nake wasan nan, na ga irinsu ba adadi. Masu cewa a yi haƙuri su ke kashe rukuni. Yau ka ƙyale, gobe wasu biyun su buɗe kira a gefe.

Mai Hula: Malam, a bi a hankali. Me ya sa ba za ku koma yanayin ɓuya ba, wanda aka ƙara a ƙarshen 2022? A can kowa ya san mai farauta tun farko, ba taro, ba ƙuri'a, ba abin da wani zai raɗa wa wani. Ko ka kunna mai sauya kama, wato imfosta mai rikiɗa ya koma kamar wani ɗan wasa, in ƙanin ya ce Ja ya gani, ai ba lallai Ja ba ne. Sannan ka ce "na yi magana". Wace irin magana?

Mai tambaya: Yanayin ɓuya ba wasa ba ne a wurina, guje-guje ne kawai, ai daɗin abin shi ne musun. Maganar kuwa, na ce wa wan a gaban kowa abin da yake yi bai dace ba. Da muka dawo ɗakin jira na fitar da shi. Ya sake shigowa, sai na toshe shi. Amma toshewar ta wannan ɗakin ce kawai, in na buɗe sabo zai iya shiga.

Uwar Biyu: Au, ashe har ka riga ka kore shi? To shawarar me kake nema kuma? Su wane ne ma a wurinka?

Mai tambaya: Ƙannen matata ne, Anti. Shi ya sa abin ya yi nauyi. Ita ma tana cikin huɗun da suka ce ba za su zo ba.

Shuɗi: Kai Yaya! Wannan ai shi ya kamata ka fara faɗa, ba tarihin kamfani ba. Kira shi a waya kai da shi, ka ba shi haƙurin korar, sannan ku sa doka: masu gida ɗaya kowa ya zauna ɗaki daban a gidan lokacin wasa.

Tsohon Ɗan Wasa: Haƙurin me? Mai ɗaki ke da iko da ɗakinsa. In ya ba da haƙuri yau, ya gama zubar da girmansa. Ni ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya na cire daga rukuninmu, har yau ba ya amsa saƙona, kuma wasanmu lafiya lau.

Mai Hula: Malam, wannan misalin naka ba ƙarfafa gwiwa yake ba fa. Ni a ganina ka bar wani ya buɗe ɗakin na sati biyu, ka shiga a matsayin ɗan wasa kawai.

Mai tambaya: Ba wanda ya iya saitin kamar ni. An taɓa gwadawa, aka sa imfosta uku a mutum goma, zagaye bai kai minti biyu ba. Kuma ni ban ga laifina ba, shi ya fara. Zan dai tura lambar ranar Asabar kamar kullum, in ga wanda zai shigo.

Uwar Biyu: In kun rasa mutum ka turo min lambar. Amma kar a jefa ni a zagayen farko.