An duba Baba ba a ga kansar huhu ba, amma takarda ta ce wai COPD, me ke nan?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu ilimin asibiti a cikinku ku taimaka min. Mahaifinmu shekararsa 64, a Manchester muke, tasi yake ja tun zuwansa ƙasar nan. Kwanaki NHS, hukumar kula da lafiya ta Birtaniya, suka aiko masa wasiƙa wai ya zo duba lafiyar huhu, irin wadda suke aika wa masu shekara 55 zuwa 74 da suka taɓa shan sigari. Da ƙyar Mama ta lallaɓa shi, aka fara yi masa tambayoyi ta waya, daga baya aka ce ya je wata ƙatuwar mota da suka ajiye a filin fakin na wani kanti aka saka shi a injin CT mai ɗaukar hoton cikin jiki. Sakamako ya zo, alhamdulillah ba su ga kansar huhu ba, amma can ƙasa an rubuta wai akwai emfisima a huhunsa, mai yiwuwa yana da COPD, ya ga likitansa a yi masa gwajin numfashi. Shi kam Baba tunda ya ji babu kansa ya ninke takardar ya cusa a aljihun mota ya ce lafiyarsa lau, neman magana ne kawai. Ni kuma hankalina bai kwanta ba don da asuba in yana alwala har ɗakina nake jin tarin da yake yi yana kaki.

To wai hoton da aka ɗauka don neman kansa yana iya gano wata cutar daban? Kuma in hoton ya riga ya nuna, gwajin me kuma za a sake? Sannan abin da ya fi damuna, Baba bai taɓa shan sigari a gabanmu ba, mu ma muna yi kamar ba mu sani ba sai dai warin a rigarsa, ban san ta inda zan fara masa maganar ba.

Nas_a_Leeds:
Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Eh yana iya ganowa, ai huhun gaba ɗaya ake ɗauka, mai karanta hoton yana neman ƙulli ne amma ba zai rufe ido ga sauran abin da ya gani ba, kuma sigarin da ke kawo kansar ita ce dai ke kawo COPD, kin ga kenan mutanen da ake kira su ne dama suka fi haɗarin duka biyun.

COPD sunan gamayya ne, toshewar hanyar iska a huhu wadda ba ta komawa daidai. Wani hanyoyin iskar ne ke kumbura su tsuke su cika da majina, wani kuma ƴan jakunkunan iskar da ke can ƙarshen huhu ne ke yagewa, ƙanana su haɗe su zama manyan ramuka kamar tsohon soson wanka da ya saki, wannan shi ne emfisima. Iska ta shiga, fitowa ta gagara. Hoton CT yana nuna ramukan ne kawai, ba ya faɗin yadda huhun ke aiki. Akwai mai emfisima a hoto amma busawarsa lafiya, akwai kuma wanda hotonsa ba wani abin a zo a gani amma hanyar iska a toshe take. Shi ya sa ba a ce wa mutum yana da COPD sai an yi gwajin busa, sipirometiri. Za a ba shi bututu ya cika ƙirji ya busa da iya ƙarfinsa har iskar ta ƙare, injin ya auna nawa ya fitar a daƙiƙar farko cikin duk abin da ya fitar. In bai kai kashi 70 cikin 100 ba, bayan an shaƙa masa maganin buɗe hanyar iska an sake, to akwai toshewa. Ba allura ba ciwo, sai dai jiri kaɗan.

Kuma ba Baba kaɗai ba ne. A nan garinku aka yi gwajin farko na wannan shiri a 2016, lokacin har da busawar ake haɗawa, fiye da mutum ɗaya cikin uku aka samu da toshewa kuma kusan rabinsu ba a taɓa gaya musu suna da COPD ba. Dan Allah kar a bar takardar nan a mota.

Baban_Walid:
Ni dai ina ga kar a tayar wa tsoho hankali a banza. A nan Amurka ma ana wannan hoton, daga shekara 50 zuwa 80 in mutum ya sha kwatankwacin kwali ɗaya kullum na shekara 20 kuma yana kan sha ko bai fi shekara 15 da bari ba, wannan kam an tabbatar yana ceton rai, binciken da aka yi da mutum sama da dubu 53 ya nuna mutuwa daga kansar huhu ta ragu da kashi 20. Amma kwamitin ƙwararrun lafiya na Amurka da ya ce a yi wancan hoton shi ne kuma a 2022 ya ce kar a bi mutanen da ba su da wata alama ana neman COPD a jikinsu, don ba a ga amfanin hakan ba. Cutar da ba ta warkewa, mutum yana zaman zamansa ka liƙa masa suna ka ɗora masa inhela, wato maganin shaƙa, ribar me aka ci?

Dakta_Fagge:
Baban Walid abin da ka kawo gaskiya ne amma ka koma ka karanta abin da yarinyar ta rubuta. Mutumin da ake jin tarinsa da kaki daga wani ɗaki kullum asuba ba ya cikin marasa alama, waccan shawarar ba da shi take ba. Kuma ni wannan kalma ta "ba ni da komai" a bakin dattijo mai shan sigari ba na karɓarta haka nan. Cutar a hankali take zuwa, shekara da shekaru, mutum yana ta rage wa kansa aiki bai ma lura ba, ya daina hawa bene, masallacin da yake takawa ya koma shiga mota, in ya yi haki ya ce tsufa ne, tarin kuma ya ce ai na sigari ne kowa na yi. Direban tasi kuwa a zaune yake wuni, yaushe huhun zai nuna gazawarsa? Ummu Hanan ki tambayi Mama ko yana iya jerawa da sa'o'insa a tafiya ba tare da ya tsaya ba, a nan za ki ji labari.

Game da ko hoto kaɗai ya isa, an gwada a Holan, sakamakon ya fito a 2011. Maza 1,140 da ke cikin shirin neman kansar huhu aka yi musu hoto da busa, kashi 38 suka fito da COPD. Da aka haɗa hoton da nauyin jiki da yawan sigarin da mutum ya sha, wajen kashi 63 na masu cutar aka kama, saura suka sulale. Hoton ɗan nuni ne mai kyau tunda an riga an ɗauka kuma ba ƙarin kuɗi, amma bai maye gurbin busawa ba. Wani abu kuma, mai emfisima haɗarin kansar huhunsa ya fi na mai shan sigarin da ba shi da ita, don haka in suka sake kiran Baba hoto na gaba kar ya ce ai wancan karon an wanke shi.

Ku can ma kun ji daɗi ana aiko muku wasiƙa har gida. Mu a nan sai numfashi ya gagara ake kawo mutum, a ce asma ce, ko a yi ta zargin tibi. Kuma da yawa daga iyayenmu mata da nake gani ko kara ɗaya ba su taɓa sha ba, hayaƙin itace ne na shekara arba'in a madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 3.5 COPD ta kashe a duniya a 2021.

Tsohon_Direba:
Salam. Ni ba likita ba ne, ni mai cutar ne, kuma sa'an babanki ne ko na ɗan girme shi, to bari in yi miki magana kamar ƴata. Ni ma ta wannan hoton aka gano tawa a Birmingham. Ranar busawa nas ɗin tana ta ihu ci gaba ci gaba ci gaba, ni kuwa iskar ta ƙare tun tuni ina ta tari hawaye na zuba, nan na san ba lau nake ba. Baban Walid ka ce ribar me, to ni na ci riba. Sun ba ni inhela ta sau ɗaya a rana, suka yi min allurar mura da ta nimoniya, suka tura ni ajin motsa jiki na masu ciwon huhu na ƴan makonni, ni da wasu tsofaffin Turawa muna taka keke muna haki, a nan aka koya min fitar da iska a hankali ta tsukakken baki in numfashi ya ɗauke. Abin da ya lalace bai dawo ba wlh ba zan yi miki ƙarya ba, amma yanzu ina kai jikana makaranta a ƙafa. Sigarin kuwa an sha gaya min in bari ban ji ba, sai da likita ya juyo min kwamfuta na ga baƙaƙen ramuka a huhuna da idona. Ba da ƙarfin zuciya kaɗai na bari ba, sai da filastar nikotin da cingam ɗinta da wata mata da ke kirana duk mako.

Amma ƴata kar ki tunkare shi da maganar sigari, kunya za ki ba shi ya ƙara taurin kai. Ke dai ki ce Baba likita ne ya ce a ƙarasa gwaji, ki karɓo masa rana ki raka shi. Maganar bari ki bar wa likitan da amininsa, duk dattijo yana da mutum ɗaya da yake jin maganarsa, Mama ta san ko waye.

Baban_Walid:
Dakta na karɓa, ban lura da zancen tarin asuba ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, musamman Baba Tsohon Direba. Na tambayi Mama ta ce rabon da ya hau sama da kayan cefane har ta manta, a ƙasan bene yake ajiyewa ya kira ƙanena. Ta yi wa amininsa magana, yanzu Baba ya yarda zai je. Anti Nas akwai wani shiri da ake yi kafin gwajin?

Nas_a_Leeds:
Ba wani mai yawa. Ya sa kaya masu sakewa, kar ya cika ciki da tuwo dab da tafiya, kuma ana so ya haƙura da sigari tun kwana ɗaya kafin ranar, wannan Mama ce za ta faɗa masa ba ke ba. In mura ko ciwon ƙirji ya kama shi a makon ku kira su ɗaga ranar don sakamakon ba zai fito daidai ba. Ku tafi da takardar hoton da sunayen duk magungunan da yake sha.