Tushen Dimokuraɗiyyar Yamma: Abin da Muka Tsinta a Muhawarar

Jama'a, muhawarar da muka yi kan inda dimokuraɗiyyar ƙasashen Yamma ta samo tushe ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro ta.

1. Kusan kowa ya ce mai neman fahimta ya fara daga Atina ta ƙasar Girka, inda aka kafa dimokuraɗiyya wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Majalisar mutum 500 da ƙuri'ar sa'a ake cika ta, kuma mata, bayi da baƙi ba su da baki.

2. An yi gargaɗin kada a ɗauka duk malaman falsafa masoya dimokuraɗiyya ne. Aflatun ya ƙi ta, ganin cewa kotun jama'a ce ta yanke wa malaminsa Sukurat hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Aristotal ya fi son mulki gauraye.

3. Batun addini ne ya raba kawuna. Wasu sun ce koyarwar Attaura da Linjila, cewa mutane duka halittar Allah ne kuma sarki ma yana ƙarƙashin doka, ita ta share hanya ga John Locke, malamin falsafa Bature ɗan Ingila, wanda a 1689 ya rubuta cewa mulki sai da yardar jama'a. Wasu suka ce ai da addinin aka kare ikon sarakuna, sai da yaƙe-yaƙen ɗariku suka gajiyar da Turai aka rungumi haƙuri da juna. Ni dai na ga kowane ɓangare ya riƙe gaskiya.

4. Sharhin Ibn Rushd, malamin falsafa Musulmi na Andalus, ya taimaka wa Turawa gane Aristotal, amma an tunatar cewa littafin Aristotal na siyasa daga Girkanci aka juya shi zuwa Latin, ba daga Larabci ba, wajen 1260.